Barcin Pan Lodra

Pan Lodra ya mutu da safe, yana cikin shan kofi, a kan tabarmar da ya tsufa yana duba marasa lafiya a kanta. Matarsa Men Lodra tana tsakar gida tana jera hadayar safe, 'yan faifan ganyen kwakwa da furanni da ƙwayar shinkafa, sai ta ji faɗuwar kofin.

Ta ɗaga murya ta ce, "Bli, maigida, ka sake fasa mini kofi, ko?"

Da ta leƙa rumfar da yake zaune sai ta tarar da shi ya jingina da ginshiƙi, baki a ɗan buɗe, ɗan icen da yake matsa wa mutane 'yan yatsun ƙafa da shi yana nan a hannunsa. Ta taɓa wuyansa, ta taɓa ƙirjinsa. Mai magani take aure, ta ga mutuwa iri-iri a gidan nan, ba ta bukatar wani ya zo ya gaya mata.

Ba ta yi ihu ba. Ta shafe masa ido, ta gyara masa zani, ta zauna kusa da shi hawaye na zuba. Baƙin ciki ya cika ta, amma abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai, a buga masa kulkul. A ƙauyensu na tsibirin Bali, mutum bai gama mutuwa ba sai an hau hasumiyar unguwa an bugi gungumen nan mai rami da ke rataye a can, a hankali, bugu ɗaya a saurara sai amon ya lafa, sannan wani. Da jin haka maza za su yar da fartanya su taho da gora, mata su taho da shinkafa da farin ƙyalle, a wanke mamaci a tsakar gidansa a gaban kowa, matarsa na riƙe da kansa. Mutumin da ya ciro ciwo daga jikin rabin ƙauyen, ai ya cancanci gungumen ya tsage saboda shi.

Tana nan zaune ta ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Lodra ne, ɗansu na fari, wanda da sunansa ake kiran su duka biyun, Pan uban Lodra, Men uwar Lodra. Sana'arsa kwaso Turawa daga otal-otal na garin Ubud, irin waɗanda aure ya mutu musu, ko aiki ya ci ransu, ko dai ƙoshi ya yi musu yawa har suka rasa abin da ke damun su. Yakan ɗaura musu zani da ɗamara, ya kai su gidajen bauta, ya tsoma su a ruwan tsarki, sannan ya kawo su gaban tsohon. Tsohon ya matsa musu yatsa da icen nan sai sun yi ƙara, ya tauna citta ya fesa musu a goshi, ya ce, "Wannan ba ta cin abinci ne kawai." Lodra ya juya da Turanci, murya ƙasa-ƙasa, ya ce mai magani ya hango wani tsohon rauni tun na ƙuruciya. Sai ka ga ƙatuwar mace ta fashe da kuka. Da wannan kukan aka sake rufin gidan, da shi aka sayi motar.

Ya shigo fes cikin fararen kaya, fure a bayan kunne. Da ya ga uban ya tsaya cak. Gaskiya dai ya durƙusa, ya kama ƙafar, ya yi kuka na gaske, kafaɗunsa na rawa. Sai direba ya danna odar mota a waje. Lodra ya ɗago, ya share ido da bayan hannu, kuma uwar ta ga lokacin da lissafi ya shigo fuskarsa.

Ya ce, "Meme," haka yake kiran uwar, "wa ya sani?"

"Ni da kai da wanda ya ɗauke shi. Tashi ka je wajen mai unguwa, a hau a buga."

"Yau ake buɗe biki."

"Sai faɗuwar rana ake buɗewa. Yanzu ko hantsi bai yi ba."

Dukansu sun san abin da suke faɗa. Babban bikin gidan bautar ƙauyen ne, wanda ba ya zagayowa sai an daɗe, an yi watanni ana shirinsa. In aka buga mutuwa kafin a buɗe shi, dauɗar mutuwa ta hau unguwa, dole a ɗage, kuma mutanen gidan mamaci ba za su taka ƙofar kowane gidan bauta ba. In kuwa mutuwar ta faɗo bayan an buɗe, al'ada ta ce ba a mutu ba, barci ake. Ba kiɗa, ba wanka a tsakar gida, ba kuka. Maza kaɗan ne za su ɗauki mai barcin da magariba su kai shi maƙabarta shiru, kamar masu ɓoye kayan sata.

Lodra ya ce, "To sai bayan faɗuwar rana zai mutu."

Ta dube shi kamar ba ita ta haife shi ba. "Kai, Lodra! Ubanka ne fa, ba kaza ba."

"Meme, baƙi na cikin mota. Daga bangon duniya suka taso saboda shi da bikin nan. In ce musu me? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski."

"Kai ka ci ladan, ba shi ba."

"Shinkafar da kike dafawa fa, daga sama take faɗowa?" Ya juya ya ƙwala wa matarsa kira. "Sekar! Zo ki kama mini."

Sekar ta fito daga madafi, ta ga abin da ake ciki, ta toshe baki da hannu. Amma ta kama. Ita dai Sekar duk abin da mijinta ya ce ta kama, kamawa take. Suka ɗauke shi zuwa ɗaki, suka kwantar da shi rigingine a kan gado, suka lulluɓe shi da farin mayafi zuwa ƙirji, suka bar ƙafafun a waje. Lodra ya kunna turaren tsinke dami guda har ɗakin ya yi duhu da hayaƙi. Sannan ya ɗauko kwanon azurfa na ruwan tsarki ya danƙa wa uwar a hannu.

Ya ce, "Ki tsaya nan bakin ƙofa ki yayyafa musu. Ki rufa mini asiri, Meme, ki goge fuskarki."

"Da hannun nan da na rufe masa ido zan taɓa ruwan tsarki?"

"Ruwa bai san abin da hannu ya taɓa ba."

Baƙin suka shigo a layi, ba takalmi, suna sanɗa. Lodra ya yi musu bayani cikin raɗa. Men Lodra ba ta jin Turanci, amma ta san muryar ɗanta in yana sayar da abu. Daga baya ta ji Sekar na gaya wa direba abin da ya ce, wai sun yi babbar sa'a, tsohon ya shiga zurfin da ba ya shiga sai jefi-jefi, kurwarsa ta tafi dutse neman musu waraka, jiki kawai ya bari. Kada a yi magana, a taɓa ƙafa kawai a wuce.

Haka suka riƙa wucewa, kowa ya durƙusa ya shafa ƙafar mijinta. Wata doguwa mai furfura ta kama ƙafar da hannu biyu, ta ɗora goshinta a kai, ta daɗe tana shessheƙa. Da ta miƙe fuskarta har walƙiya take don daɗi, tana nuna wa sauran da hannu irin sanyin da ta ji ya ratsa ta. Men Lodra ta yayyafa mata ruwa. Ji ta yi kamar ta kwaɗa mata kwanon a ka, sai dai matar ba ta san komai ba, kuma wannan ne ya fi yi mata zafi, ba ta da ko wanda za ta tsana da hujja sai ɗan cikinta.

Da aka kwashi baƙin zuwa cin abincin rana, ta ajiye kwanon ta fice ta ƙofar baya.

Ƙauyen ya cika ya batse da hidima. An kafa dogayen gorori masu lanƙwasa a bakin kowane gida, ƙamshin gasasshen alade ya game ko'ina, mata na gina hasumiyar 'ya'yan itace, makaɗan tagulla na gwada hannu. Ta sami mai unguwa Rideng a ƙofar gidan bauta yana nuna wa samari inda za su ɗaura tuta. Rideng ɗin nan, lokacin da ya faɗo daga bishiyar kwakwa, a tabarmar Pan Lodra ya kwanta har ƙafarsa ta ɗinke. 'Ya'yansa biyu kuma su ne ke tuƙa wa Lodra baƙi, matarsa ce ke ba da hayar zannuwan da ake ɗaura musu.

Ta tsaya nesa da ƙofar, don ta san ba ta da tsarkin matsawa. Ta ce, "Mai unguwa, ina da magana."

Ya taho yana ɗingishi. Ya dubi idonta, ya dubi inda ta tsaya, ya ɗaga kai ya dubi rana. Ba wawa ba ne.

Ta ce, "Pan Lodra ya mutu. Tun safe."

"Ayya. Jikin ya tsananta ke nan."

"Na ce ya mutu."

Ya sa ɗan yatsa a kunne ya girgiza. "Kin san makaɗan nan, tun asuba suke kashe mini kunne. Ki koma gida, Men Lodra, ki zauna kusa da shi. Da yamma za mu leƙo mu duba shi."

"Rideng, da wace ƙafa ka tako nan?"

Ya juya ya daka wa wani saurayi tsawa, wai tutar ta karkace.

Hasumiyar kulkul tana mararrabar unguwa, matakalarta na dutse ne, tsaye ƙyam. Mata ba sa hawa. Men Lodra ta ɗage zani ta hau da hannu da gwiwa, tana tsayawa tana haki, gwiwar hagu na yi mata kamar ana soka allura. Kowa hankalinsa na gidan bauta, babu wanda ya lura. A sama ta sami gungumen sanye da ƙyallensa mai baƙi da fari, sandar bugun a saƙale a gefe. Ta ɗauke ta da hannu biyu. Kiɗan mutuwa ba baƙo ba ne a kunnenta, tun tana goye take jin sa. Bugu ɗaya, a jira. Abin da ta hau yi ke nan.

Ta buga na farko. Amon ya fita ya ratsa gonakin shinkafa, ta ji shi har cikin haƙoranta. A nan ya kamata ta dakata. Amma sai ga goshin matar nan a kan ƙafar mijinta, ga fure a kunnen Lodra, ga yatsan Rideng a kunnensa, hannunta ya ƙi tsayawa. Ta buga, ta sake bugawa, ta hau dukan gungumen ba ƙaƙƙautawa kamar shi ya yi mata laifi, tana kuka tana duka har numfashinta ya ɗauke.

Da ta sauke sandar ta leƙa ƙasa, sai ta gane kuskuren da ta yi. Maza ne ke ɓullowa ta kowane lungu a guje, da adduna da sanduna, wani ma da wuƙar yankan alade, ana ihu, "Ina ɓarawon? Ta ina ya bi?" Bugun sauri ba tsayawa, ai na ɓarawo ne ko gobara. Yaron goye ma ya sani. Ta yi wuf ta ɗaga sandar don ta gyara, ta buga ɗaya a hankali, amma kafin ta kai ga na biyu wani ya hauro ya fizge ta daga hannunta.

Aka sauko da ita. Ta tsaya tsakiyar taron, ɗankwali a kwance, ta buɗe murya iya ƙarfinta. "Pan Lodra ya mutu! Mijina ya mutu tun safe, yana kwance ba wanka!"

Babu fuskar da ba ta sani ba a nan. Ga wanda aka ciro wa dafin maciji, ga wadda ta yi shekaru ba haihuwa sai da tsohon ya ba ta saiwa. Kowa ya sunkuyar da kai, kowa yana tuna aladun da aka riga aka yanka da 'yan'uwan da suka taso daga nesa.

Rideng ya yi gyaran murya. Ya ce, "Jama'a, me kuka ji an buga?"

Wani daga baya ya ce, "Na ɓarawo."

"Akwai wanda ya ji na mutuwa?"

Sai wani matashi ya ce, "Dadong, kakarmu, ɓarawon me ya sace miki, haƙora?" Aka yi 'yar dariya, irin ta mutanen da suka samu hanyar tsira.

Nan Lodra ya ratso taron, fuska cike da damuwa, ya dafa kafaɗar uwarsa. Ya ce, "Ku yi haƙuri, jama'a. Tun safe take sambatu. Bapa, wato babana, na barci, ita kuma ta dage. Wani abu ne ya shige ta, kun san lokacin biki iskoki na yawo."

Mata suka hau gyaɗa kai. Af, to ai shi ya sa. Mace mai hankali za ta hau hasumiya? Kowa ya ji sanyi a ransa, domin mahaukaciya ba ta ɓata biki, mai takaba ce ke ɓatawa.

Rideng ya ce, "A kai ta ruwa."

Lodra ya ce, "Dama can za mu da baƙi."

A motar baƙin aka saka ta, tsakanin Sekar da wata ƙatuwar maƙwabciya. Gidan bautar maɓuɓɓuga yana can ƙasan kwari, tafki ne na dutse, ruwa na zubowa daga bakunan indararo a jere, mai wanka ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sunkuyar da kai. Mai hidimar wurin ya dubi tsohuwar, ya dubi Lodra, ya karɓi hadaya ya kau da kai. Lodra ya tara baƙin a bakin tafki ya sake yi musu albishir. Sa'a kan sa'a. Yau za su ga abin da ba a shirya don baƙi ba, za a cire iska daga jikin mace a gaban idonsu. Wayoyi suka fito.

Rana ta yi sanyi, ruwan kuwa kamar ƙanƙara. Sekar da maƙwabciyar suka shiga da ita har ƙugu, suka danna kanta ƙarƙashin indararo na farko. Ta ɗago tana tari.

"Ku sake ni! Mijina ya mutu!"

Lodra ya juya wa baƙin da Turanci, a tsanake. Ko me ya gaya musu, doguwar nan mai furfura ta ɗora hannu a ƙirji, ta lumshe ido.

Aka ja ta zuwa na gaba, aka danna. Ta zagi Lodra, ta zagi nonon da ya sha, ta kira sunan mijinta na yanka wanda rabon da ta furta shi tun suna samari. Duk zagin da ta yi sai ya fassara, baƙin su ƙara matsowa. Sekar na danna kanta tana raɗa mata, "Ki yi haƙuri, Meme, ki yi shiru a gama."

Can wajen ƙarshen layin akwai indararon da masu rai ke tsallakewa, domin ruwansa na wankan gawa ne. Da suka zo za su wuce shi, Men Lodra ta daina zillo. Ta saki jiki kamar ta suma, da suka sassauta riƙo sai ta fizge, ta kwance ɗamararta ta tara a bakin indararon har ta jiƙe sharkaf, ta dunƙule ta a hannu ta matse a ƙirji. Ko an hana shi kiɗa, ko an hana shi taro, za ta goge masa fuska da ruwan da ya dace. Daga nan ba ta sake cewa komai ba. Suka ƙarasa da ita sauran indararon tana sunkuyawa da kanta.

Lodra ya buɗe hannu ya nuna ta. Ta warke. Baƙin suka tafa a hankali, wasu na share hawaye. Doguwar ta shigo ruwan ta rungume ta, tana ta maimaita kalmar godiya ɗaya da ta koya.

Ba su bar wurin da wuri ba. Sai da kowane baƙo ya yi nasa wankan, aka ɗaura musu zare a wuyan hannu, aka manna musu shinkafa a goshi, aka yi hotuna. Lodra bai yi gaggawar komai ba, yana ta duba waya. Suna hawowa daga kwarin rana ta faɗi, daga nesa aka ji kiɗan tagulla ya ɓarke a ƙauye. An buɗe biki.

Aka sauke ta a ƙofar gida, motar ta wuce da baƙi wajen kallo. Ta shiga da sauri iya yadda gwiwa ta bar ta, zani na ɗiga, ɗamarar a dunƙule a hannu. Ta tura ƙofar ɗakin.

Gadon ba kowa. An jingine katifar da bango, an share ƙasa, an buɗe taga hayaƙin ya fita.

Ta juyo. Sekar na tsaye a bayanta, ta kasa haɗa ido da ita.

"Ina yake?"

"An kai shi ya kwanta, Meme."

"Su wa?"

"Mai unguwa da 'ya'yansa. Sun gaya wa Lodra a waya."

"Wa ya wanke shi? Wa ya riƙe masa kai?"

Sekar ta kau da kai.

"A ina suka sa shi?"

"Sun ce bayan biki za a nuna miki. Yanzu in kika je mutane za su gani."

Men Lodra ta zauna a bakin katakon gadon. Ba ta san lokacin da hannunta ya matse ba, sai ji ta yi ruwan na bin tsintsiyar hannunta yana ɗiga a ƙasa. Ta so ta yi kuka irin na matar da mijinta ya mutu, da ƙarfi, maƙwabta su ji su shigo. Amma ta san ko sun ji, cewa za su yi iskar ta dawo, gobe a sake kai ta ruwa.

Washegari da safe ta fito shara ƙofar gida, don hannu ya saba. Mata na wucewa a layi zuwa gidan bauta, sun sha ado, hasumiyar hadaya a ka. A cikinsu akwai Men Ribek, ƙawarta tun suna 'yan mata, wadda ita Men Lodra ta kwana riƙe da ita ranar da nata mijin ya mutu. Men Ribek ta rage tafiya. Da kaya a ka ba a juya wuya, don haka idonta na kan hanya ta yi gaisuwar, da ƙarfi yadda na gaba da na baya za su ji.

"Men Lodra, an tashi lafiya? Yaya jikin mai gidan?"

Layin gaba ɗaya ya rage sauri, ana saurare. Men Lodra ta riƙe tsintsiya da hannu biyu. Ta buɗe baki, ta ji muryarta ta fito da kanta, ƙarama, irin ta kullum.

Ta ce, "Da sauƙi."